Dajin Birnin Gwari, Maƙwabcinmu Na Yamma

 A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani wuri da sunansa ke bakin kowa, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa taka shi, wato dajin Birnin Gwari, wanda wasu ke kira dajin Kamuku ko na Kuyambana. Fiye da shekara goma ke nan, in aka ambaci sunansa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne bindiga da satar mutane. Yara da yawa a Samaru da Sabon Gari sun tashi ba su san kome game da shi ba sai wannan. Alhali kuwa wani kashi na masarar da muke tuwo da ita, da gawayin da muke hura wuta da shi, daga can suke fitowa. Haka ma wasu daga cikin maƙwabtan da suka kama haya a unguwanninmu.

Saboda haka ya kamata mu san ƙasar nan: inda take, yadda aka yi mutane suka yi ƙaranci a cikinta, da abin da take ciyar da mu da shi. Wanda ya san waɗannan zai fi fahimtar abin da ya faru, zai kuma fi sanin yadda zai zauna da mutanen da suka fito daga can.

INA DAJIN YAKE?

In ka tashi daga Samaru ka yi yamma ta Shika zuwa ƙasar Giwa, garuruwa irin su Galadimawa da Kidandan da Fatika su ne bakin dajin ta ɓangarenmu. Gaba da su sai Dogon Dawa da Kuyello da Damari, waɗanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Ana kuma shiga daga Funtuwa, ko daga Kaduna ta Buruku da Udawa, tafiyar kimanin kilomita 120.

Birnin Gwari ita ce ƙaramar hukuma mafi faɗin ƙasa a Jihar Kaduna. Faɗinta ya haura kilomita murabba'i 6,000, amma a ƙidayar 2006 mutanenta 250,000 ne da 'yan kai. Mu gwada da tamu. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta, ba ta kai kilomita murabba'i 300 ba, amma a wannan ƙidayar mutanenta sun doshi 290,000. Ma'ana, filin da mutum sama da 1,000 ke zaune a kai a nan, mutum kimanin 40 ne ke zaune a kan irinsa a can. Su ma ɗin yawancinsu a bakin hanya suke, tsakiyar kuwa sai itatuwa.

A cikin ƙaramar hukumar ne Gandun Dajin Kamuku yake, mai faɗin kimanin kilomita murabba'i 1,120, ya ninka Sabon Gari sau huɗu ke nan. Ta arewa maso yamma yana manne da gandun Kuyambana na Jihar Zamfara, kogin Mariga ne tsakaninsu. Itatuwa ba su san iyakar jiha ba. Dajin ya miƙe ya shiga ƙasar Ɗansadau a Zamfara, ya taɓa Sabuwa da Ɗandume da Faskari a Katsina, ya gangara Rafi da Mariga a Jihar Neja. Mu riƙe wannan batu na jihohi huɗu, gama za mu dawo kansa.

KAMANNIN ƘASAR

Ƙasar ba baƙuwa ba ce gare mu. Irin dajin da ke Samaru ne kafin a share shi a yi gonaki. Ruwan da ke sauka a Samaru a shekara yakan kai milimita 1,000 zuwa 1,100, can kuwa yana ɗan fin haka, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Itacen da ya fi yawa shi ne doka, sai baushe da taura da maje da ƙirya da ɗorawa da kaɗanya. A ƙarƙashinsu gamba takan yi tsawo har ta shanye mutum da damina. Da rani kuma wuta ta cinye ta, ƙasa ta buɗe, a riƙa hangen nesa.

Akwai duwatsu masu tasowa su kaɗai a tsakiyar fili, kamar yadda Kufena ta taso a yammacin Zariya. A cikin gandun Kamuku akwai Goron Dutse, da Tsaunin Rema inda zabin daji ke taruwa, da kuma wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse a Dogon Ruwa. Masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 170 a gandun. An san shi da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri, kuma har farkon shekarun 2000 giwaye na ratsawa tsakaninsa da Kuyambana.

Ruwanmu ma ɗaya ne da nasu. Kubanni takan zuba a Galma, Galma ta zuba a kogin Kaduna. Mariga ita ma kogin Kaduna take nufa, su haɗu can kudu a Jihar Neja. Ƙasa ce mai ruwa, mai ciyawa, mai karɓar shuka. To, me ya sa mutane suka yi ƙaranci a cikinta?

DA AKWAI GARURUWA

Wurin bai kasance kufai tun fil azal ba. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Kamukawa sun daɗe a cikinsa suna noma da farauta da saƙa da ginin tukwane. Hausawa daga ƙasar Katsina da Zamfara su ma sun zauna tare da su, shi ya sa a yau Hausa ce harshen yawancin mutanen Birnin Gwari. Kuyambana da Birnin Gwari garuruwa ne masu sarautarsu, kuma kafin jihadin 1804 suna cikin ƙasashen da ke bin Katsina.

Wata babbar hanyar fatake ta bi ta nan. Ayarin da ke tashi daga Kano da Zariya zuwa Nufe, da masu wucewa Gwanja sayen goro, sukan ratsa ta Fatika da Birnin Gwari da jakunansu da takarkarinsu. A 1826 Baturen nan na Birtaniya Hugh Clapperton ya bi wannan hanya daga Nufe zuwa Zariya, ya sauka a Birnin Gwari, ya kuma rubuta cewa gari ne mai ganuwa. Inda ayari ke yada zango kuwa dole a sami masu sayar da hatsi da ciyawa da abinci. Hanyar da muke jin tsoro a zamaninmu, kakanninmu da ita suka yi arziki.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA KWASHE MUTANE

Na farko shi ne harin bayi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kwantagora a 1864. Ɗansa Ibrahim, wanda ya zama Sarkin Sudan a 1880, ya shafe shekara ashirin yana kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku, har da Birnin Gwari kanta. Ƙauyuka da yawa sun watse. Waɗanda suka tsira suka hau duwatsu, ko suka gudu nesa. Da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, Ibrahim ya yo ƙasar Zazzau, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa, aka kama shi kusa da Maska a 1902. Kafin wannan lokaci gonaki masu yawa sun riga sun koma daji.

Na biyu shi ne ƙudan tsando. Gonar da aka bari, doka takan rufe ta cikin 'yan shekaru. Inuwar doka da naman daji kuwa su ne abin da tsando ke so. Shi ke sa wa shanu sammore, ya sa wa mutane ciwon barci. Haka abin ya zama zagaye: mutane sun ragu, daji ya ƙaru, tsando ya yi yawa, sai ya hana mutane da shanu dawowa. Ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a Lardin Zazzau a shekarun 1930, har gwamnati ta tashi ƙauyuka a ƙasar Anchau, gabas da mu, ta gina garin Takalafiya. A bakin koguna masu gudu kuma akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda mai jawo ƙaiƙayi da makanta, wanda ya hana mutane zama a fadamun da suka fi kowane wuri albarka.

Na uku shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, ya biyo ta Minna da Kaduna, gabas da dajin. A 1929 wani layin ya tashi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda, arewa da dajin. Goro da gishiri da tufafi suka koma cikin tarago, ayari ya daina bi ta Fatika. Jirgin da ya haifi Sabon Garinmu shi ne ya kashe kasuwar zangon Birnin Gwari. Daga baya ma garin ya tashi daga tsohon mazauninsa ya koma bakin titin mota mai zuwa Legas, shi ya sa har yau ake cewa Tsohuwar Birnin Gwari da sabuwa.

Na huɗu shi ne doka ta hukuma. Da Turawa suka tarar da ƙasa mai yawan itace da ƙarancin mutane, sai suka shata ta. A 1936 aka mai da Kamuku gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, aka hana noma da zama a ciki. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa. Wannan ya ceci itatuwa da namun daji, amma ya bar fili mai girman gaske wanda ba kowa a ciki sai 'yan ma'aikatan gandu.

YADDA ƘASAR TA SAKE CIKA

Daga shekarun 1970 abubuwa suka juya. Jama'a ta ƙaru a ƙasar Katsina da Kano da Zazzau, gonakin gado suka yi kaɗan, sai manoma suka nufi inda ake samun sabuwar ƙasa. A daidai lokacin ne masara ta shigo da ƙarfi. Dattawanmu za su tuna cewa a da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina, dawa da gero su ne abinci. Sabon iri da masu bincike na Ibadan da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fitar, da takin zamani mai rahusa, da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975, su suka mai da masara amfanin gona na sayarwa. Ƙasar Giwa da Birnin Gwari ta karɓe ta sosai. Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da Kakangi suka zama wuraren da manyan motoci ke lodin hatsi.

Makiyaya su ma sun gangaro. Farin 1973 da na 1984 ya kore su daga arewa, sharar daji ta rage tsando, maganin sammore ya samu. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan ne daga cikin wuraren aka tabbatar da su a hukumance, burtali da yawa kuma gonaki suka cinye su. Dajin gandu ya zama wurin da ya rage wa mai shanu.

Akwai wani abin farin ciki da ya kamata a sani. Daga wajen 1991 aka fara raba maganin Mectizan kyauta sau ɗaya a shekara a ƙauyukan Birnin Gwari domin cutar makantar nan ta bakin kogi. Mutanen ƙauye ne da kansu suka zaɓi masu rabawa, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin ƙwayar da ta dace. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a ƙauyukan da aka gwada a Birnin Gwari da Kauru da Lere, ba a sami ko mutum ɗaya mai ƙwayar cutar ba. Wannan ya nuna cewa in taimako ya isa, aka kuma sa shi a hannun mutanen wurin, nisa ba ya hana aiki.

Sai dai irin wannan bai yi yawa ba. Mutane sun shiga daji, amma titi da makaranta da asibiti da kotu da ofishin 'yan sanda ba su bi su yadda ya kamata ba. Ƙauye yakan yi tafiyar sa'o'i a kan babur kafin ya kai inda hukuma take, da damina kuma rafi ya raba su gaba ɗaya.

ARZIKIN DAJI

Ban da masara, ƙasar na ba da dawa da shinkafa da waken soya da doya da rake. Mata na tsintar ƙwarar kaɗanya su yi man kaɗe, su sarrafa kalwa su yi daddawa. Ana samun zuma da taura da itatuwan magani. Ana yanka katako, ana kuma ƙona gawayi, musamman na ƙirya da doka, gama su ne masu daɗewa a wuta. Tun da kananzir ya yi tsada, gas ma ya bi shi, gidaje da yawa a birane sun koma gawayi. Duk buhun da muka saya, wani itace ne ya faɗi, wanda ya yi shekaru da yawa kafin ya kai girmansa.

Akwai kuma zinariya. Duwatsun da suka ratsa daga Birnin Gwari zuwa Neja da Zamfara suna ɗauke da ita, kuma tun shekarun 1930 Turawa suka haƙa a wannan yanki. Yau matasa ne ke haƙa da diga da shebur. Sukan shiga rami mai zurfi, su fito da dutse, a niƙa, a wanke, a kama zinariyar da zaiba. Aikin na kawo kuɗi, amma rami na ruftawa, kuma a wasu wuraren dutsen na haɗe da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje inda yara ke rarrafe. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka rasu.

In muka duba duk waɗannan, za mu ga abu ɗaya. Hatsi da shanu da gawayi da zinariya suna fita daga dajin zuwa birane. Abin da ke komawa ciki kaɗan ne.

YADDA YA ZAMA MAƁOYA

'Yan fashi sun daɗe suna tare hanyar Birnin Gwari, amma daga wajen 2011 abin ya sauya kama. Satar shanu ta zama ta garke guda, da manyan bindigogi. Makiyaya ne suka fara ɗanɗana ta, da yawa suka wayi gari ba ko saniya ɗaya. Da hukuma ta yi nisa, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai. Wasu daga cikinsu suka riƙa kashe wanda suke zargi ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta biyo baya, ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. A Oktoba 2012 an kashe fiye da mutum 20 a Dogon Dawa. A Mayu 2018 an kashe fiye da 40 a Gwaska. A Fabrairu 2020 aka kai hari Bakali a ƙasar Fatika, nan kusa da mu. Daga satar shanu aka koma satar mutane, aka kuma riƙa sa wa manoma haraji kafin su yi shuka ko girbi. 'Yan ƙungiyar Ansaru su ma sun sami wurin zama a gabashin Birnin Gwari, wajen Damari.

A nan ne batun jihohi huɗu ya shigo. Wanda ya yi ɓarna a Kaduna yakan haye Mariga ya shiga Zamfara, in aka matsa masa can ya gangara Neja. A 2015 gwamnonin yankin sun haɗa hannu aka tura sojoji dajin Kamuku, aka ƙwato shanu da yawa, amma da aikin ya lafa sai ɓarayin suka dawo. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da Giwa da wasu wurare, ta hana saran itace da safarar gawayi daga can, ta kuma sa aka katse layukan waya na kusan wata biyu. A Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, yara 137 suka dawo bayan fiye da mako biyu.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makami, ya kuma buɗe kasuwar shanun garin da ta yi kusan shekara goma a rufe. A 2025 motoci sun koma bin hanyar, manoma da yawa sun koma gonakin da suka bari. Wannan abin godiya ne. Amma an taɓa yin irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina ya rushe. Muddin ƙauyukan na nesa da makaranta da asibiti da alƙali mai adalci, abin da ya haifi fitinar yana nan bai tafi ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ko ba mu taɓa zuwa ba, mun ji a jikinmu. Duk shekarar da manoman Giwa da Birnin Gwari suka kasa shiga gona, tiyar masara takan tashi a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Masu kiwon kaji su sayi abinci da tsada, ƙwai ya bi. In an rufe kasuwar shanu, mahauta su je nesa, nama ya ƙara kuɗi. Harin ma ya taɓa ƙofarmu, gama a Yuni 2021 an shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya an sace malamai da ɗalibai.

Sai kuma mutanen da suka gudo. Yawancinsu ba su shiga wani sansani ba, sun raɓu da dangi ne, ko sun kama ɗaki ɗaya iyali guda. A cikinsu akwai Musulmi da Kirista, akwai Hausawa da Gbagyi da Fulani. Akwai mutumin da a da yake cika rumbuna, ya ciyar da baƙi, yau yana tura baro. Akwai matan da aka kashe mazansu, da yaran da suka yi shekaru ba makaranta. Wasu sun sayar da gona da shanu domin su fanshi ɗan'uwa, saboda haka ko zaman lafiya ya dawo, ba su da abin komawa da shi.

Wani nauyin da muke ɗora musu ba tare da mun lura ba shi ne zargi. Mutum ya ce daga Birnin Gwari yake, ko a ga Bafulatani ne, sai mai gida ya ƙi ba shi haya. Wanda ɓarawo ya kora daga gidansa, bai kamata mu kuma mu kira shi ɓarawo ba.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Gina titi da kafa ofishin 'yan sanda aikin gwamnati ne, kuma daidai ne mu riƙa tuna wa wakilanmu da shi. Amma akwai abin da ke hannunmu.

1. Mu nemi yaran da suka gudo a unguwanninmu, mu taimaka a sa su makaranta. Sau da yawa abin da ke hana su bai wuce kayan makaranta da wanda zai raka uwar wurin shugaban makaranta ba.

2. Ƙungiyoyin mata da na adashi su buɗe ƙofa ga matan da suka zo. Da yawansu sun iya daddawa da man kaɗe da kiwon awaki, jari kaɗan suke bukata.

3. Masu niyyar komawa gona, iri mai kyau da taki kafin faɗuwar damina ya fi musu buhun abinci bayan ta wuce. Iri na masara da waken soya da dawa da aka inganta, a nan Samaru ake fitar da shi. Amma kada mu matsa wa kowa ya koma kafin shi da kansa ya ga hankalinsa ya kwanta.

4. Mu rage cin gawayi. Murhu mai tattalin wuta, da rufe tukunya, da jiƙa wake kafin a dafa, duk suna rage abin da ake ƙonawa. Wanda ke da fili ya dasa itace, ko a bakin gona ne.

5. In muna da ɗa ko ƙane mai zuwa haƙar zinariya, mu gaya masa kada ya kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi ko a turmin abinci, ya kuma yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Muna roƙon ƙungiyoyin unguwa su duba waɗannan a taronsu na gaba. Iyali nawa ne daga ƙasar Giwa ko Birnin Gwari ke zaune a unguwarmu, kuma wa ya taɓa zama ya ji labarinsu? Buhun gawayi nawa gidanmu ke ci a wata, ta yaya za mu rage? Waɗanne kalmomi ne yaranmu ke ji daga bakinmu game da mutanen daji da makiyaya?

Dattawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mutanen Birnin Gwari sun san gaskiyar wannan fiye da mu. Ƙasarsu ta taɓa watsewa a zamanin hari, ta sake cika, ta ciyar da birane. Tana iya sake tashi, in an riƙe sulhu da gaskiya, in kuma wani abu daga cikin arzikin da ke fita ya riƙa komawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.